Bashin Gwamnati da Tiyar Masara: Tambayoyi da Amsoshi daga Daura

Na daɗe ina koyar da darasin tattalin arziki a makarantar sakandare a nan Daura. Saboda haka duk ranar da rediyo ya ce Majalisar Tarayya ta amince a ciwo sabon bashi, da na fito daga sallar la'asar sai a tare ni a dakalin ƙofar gida. Tambayoyin nan a can na tattara su. Wasu na dattawan unguwa ne, wasu na tsofaffin ɗalibaina, ta ƙarshe kuma daga cikin gida ta fito.

Malam, wai nawa ake bin Najeriya, kuma su wa ke bin ta?

Akwai ofishin da aka kafa a shekarar 2000 domin wannan lissafi kaɗai, wato Ofishin Kula da Basussuka, wanda aka fi sani da DMO. Duk bayan wata uku yake fitar da alƙaluma. Ya zuwa ƙarshen 2024 ya ce ana bin ƙasar naira tiriliyan 144.67, idan aka haɗa na gwamnatin tarayya da na jihohi 36 da Abuja.

Bashin kashi biyu ne, kuma a wancan lokaci sun kusa zuwa kai ɗaya. Na cikin gida da naira ake cinsa: gwamnati ta fitar da takardun lamuni, bankuna da kamfanonin fansho da na inshora su saya, ta riƙa biyansu kuɗin ruwa, wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗi. Ma'aikacin tarayya da ake yankar wa kuɗin fansho duk wata, mafi yawan abin da aka tara masa yana cikin waɗannan takardu. Yana bin gwamnati bashi ko da bai taɓa jin labari ba. Na waje kuwa akasari da dala ake biyansa. Bankin Duniya ne kan gaba, sai masu sayen takardun bashi na dala a kasuwannin ƙetare, waɗanda muka fara sayar wa a 2011 da dala miliyan 500, sannan Chaina da Bankin Raya Afirka da sauransu.

Tiriliyan 144! Ai mun halaka ke nan?

Kawu, adadin shi kaɗai bai faɗa maka komai ba tukuna. Ɗauki mutum biyu a kasuwar Daura. Ana bin Alhaji mai sitto biyu na hatsi naira miliyan biyar, ana bin mai ga-ruwa naira dubu hamsin. Wa ke kwana da fargaba? Mai ga-ruwa ne, alhali bashinsa kashi ɗaya cikin ɗari ne na bashin Alhaji. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin dubawa shi ne ƙarfin wanda ya ɗauka.

Shi ya sa masana ke auna bashin ƙasa da jimillar abin da ƙasar ta samar a shekara: geron da aka noma, man da aka haƙo, ɗinkin tela, jigilar direba, kiran waya, duk a ƙiyasta kuɗinsu a haɗa. Wannan jimilla ake kira GDP. Bashin Japan ya ninka nata GDP fiye da sau biyu. Na Amurka ya zarce nata. Namu bai taɓa kusantar haka ba a shekarun nan.

To me ya sa Japan ba ta durƙushe ba, amma Ghana ta durƙushe?

Abu uku ake tambaya: da wane kuɗi ka ci bashin, nawa ne ruwansa, kuma nawa ke shigo maka.

Japan da kuɗinta take cin bashi, a hannun mutanenta da babban bankinta, kuma ta shafe shekaru ruwan bai taka kara ya karya ba. Ghana kuwa ta tara bashin dala mai tsada, kuɗinta na sidi ya karye, masu ba da rance suka janye hannu. A watan Disambar 2022 ta sanar cewa ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, ta kuma tilasta wa masu riƙe da takardunta na cikin gida su karɓi sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Tsofaffin ma'aikata sai da suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Accra. A 2023 ta karɓi tallafin rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Zambiya ta riga ta kasa biyan bashi, a 2020, Sri Lanka kuma a 2022. Babu ɗaya a cikinsu da bashinta ya kai na Japan idan aka auna da GDP.

Mu ma ba da araha ake ba mu ba. A Disambar 2024 Najeriya ta sayar da takardun dala biliyan 2.2 da ruwan kashi 9.625 da kashi 10.375 cikin 100. Akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce auna amanar ƙasashe wajen biya, irin su Fitch da Moody's. Sun ɗan ɗaga matsayinmu a 2025, amma har yanzu muna sahun waɗanda ake ba bashi ana ɗar-ɗar.

Amma jami'an gwamnati kullum cewa suke bashinmu bai kai na sauran ƙasashe ba. Ƙarya suke yi?

Ba ƙarya ba ce, rabin magana ce, kuma rabin da ake bari shi ne wanda ya fi damuna.

GDP ba kuɗin gwamnati ba ne. Damin geron manomin Sandamu yana cikin GDP, amma ko zangarniya ɗaya ba ta shiga baitulmali. Da kuɗin shiga ake biyan bashi, wato haraji da kuɗin mai da na kwastan. Nan ne rauninmu yake. Abin da gwamnatocinmu ke tarawa na haraji bai fi kashi ɗaya cikin goma na GDP da ɗan ɗoriya ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ka ƙaddara magidanci ne ya karɓi albashin dubu 100, dubu 96 suka tafi wurin masu binsa. Cefane da kuɗin makaranta da magani fa? Sai ya sake ciwo wani bashin. Haka ƙasar ta yi a shekarar.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani game da ma'aunin GDP. Lokaci-lokaci Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sabunta hanyar lissafinta domin ta shigar da sana'o'in da a da ba a ƙirga su. An yi haka a 2014, GDP ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, muka zarce Afirka ta Kudu a dare ɗaya. An sake yi a 2025, sai nauyin bashi a kan GDP ya sauko daga sama da kashi 50 zuwa wajen kashi 40. Lissafin daidai ne, ba maguɗi ba ne. Sai dai ko kwabo ba a rage daga bashin ba, kuma ko sisi bai ƙaru a baitulmali ba. Don haka in ka ji jami'i yana alfahari da wannan ma'auni, ka tambaye shi ɗayan: a cikin kowace naira 100 da ta shigo bana, nawa ce ta tafi biyan bashi?

Ni manomi ne, ban ci bashin kowa ba. Ina ruwan tiyar masarata da bashin Abuja?

Baba, ruwanta da shi babba ne, kuma ta ƙofa fiye da ɗaya yake shigowa.

Ƙofa mafi faɗi ita ce rancen Babban Banki. Dokar bankin ta 2007 ta yarda gwamnati ta ɗan ranta a wurinsa idan kuɗin shiga ya yi jinkiri, da sharaɗin kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ta samu a shekarar da ta gabata, a kuma biya kafin shekara ta fita. An tsallake wannan iyaka nesa ba kusa ba. Rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na shekara 40 da ruwan kashi 9. Kuɗin da gwamnati ta ranta a hannun bankunan kasuwanci ko kamfanonin fansho, kuɗi ne da dama suke nan, hannu kawai suka sauya. Na Babban Banki kuwa ƙirƙirarsa aka yi. Naira ta yi yawa a gari, buhunan masara a kasuwa ba su ƙaru ba, to farashi ba shi da inda zai nufa sai sama. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auninta a farkon 2025.

Ƙofa ta biyu dala ce. Takin zamani da maganin feshi da kayan gyaran injin ban-ruwa, yawancinsu ko sinadarinsu da dala ake shigo da su. Mu da muke bakin iyaka ma ba ma bukatar a ba mu labari. Ka je kasuwar Mai'adua ka tsaya kusa da 'yan canji ka ga yadda ake ƙirga damin naira a miƙa don 'yan takardun sefa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, don haka in naira ta faɗi, ragon da aka koro daga Nijar sai ya yi mana tsada, hatsinmu kuma ya yi wa mai sefa araha, ya loda ya haura ta Kwangwalam. Mai saye a Daura ya koma gasa da mai saye daga Zinder.

Amma kada mu ɗora wa bashi laifin da ba nasa ba. Gonakin da aka bari a Batsari da Safana da Jibiya da Faskari saboda 'yan bindiga sun rage hatsin da ke zuwa kasuwa. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota. Waɗannan da kansu sun isa su tayar da tiya. Abin da bashi ya ƙara shi ne ya bar gwamnati da hannu wofi a daidai lokacin da ake bukatar ta kashe kuɗi a kan tsaro da noma.

Me ya sa bashin ya yi tsalle haka tsakanin 2023 da 2024? Sabon bashi aka ciwo na tiriliyan hamsin?

An ciwo sabo, amma ba shi ne mafi yawa ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 700, a 2024 kuma ta kai 1,500. Bashin dala biliyan ɗaya da a da ake rubuta shi naira biliyan 460, sai ya koma naira tiriliyan 1.5, ba tare da an ƙara karɓar dala ko ɗaya ba. Ga abin mamaki: a Yunin 2023 jimillar bashin naira tiriliyan 87.38 ce, daidai da dala biliyan 113. A ƙarshen 2024 ta zama tiriliyan 144.67, amma a dala ta sauko zuwa biliyan 94. Da naira ya kumbura, da dala ya ragu. Wanda ke son yabon gwamnati ya ɗauki alƙaluman dala, mai son sukarta ya ɗauki na naira. Talaka kuwa da naira yake samu, da ita yake biyan haraji.

Ina alaƙar wannan da yadda banki ke hana ɗan kasuwa rance?

Wannan na gan shi a gidanmu. Ƙanena maƙerin zamani ne, yana walda, ƙofofi da tagogi yake yi. Ya samu aikin ƙofofin wani gida mai ɗakuna da yawa, yana bukatar kuɗin ƙarfe da sabon janareta, ya tafi wani banki a Katsina da takardar filinsa a cikin leda. Ya yi sintiri sau uku. A na ƙarshe aka lissafa masa ruwan da zai biya, ya dawo ya zauna a kan benci a bakin shagonsa da biro da bayan kwalin siminti, ya buga ya sake bugawa, ya ga ribar aikin duka ba za ta biya ruwan ba. Ya mayar wa mai gidan kuɗin kafin alƙalami. Yara biyu da ya yi niyyar ɗauka koyon aiki suna nan suna zaman kashe wando.

Dalilin a fili yake. Domin ya daƙile hauhawar farashi, Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a Nuwambar 2024. A shekarar, takardun lamunin gwamnati na wata goma sha biyu sun ba da ribar sama da kashi 20. Ka sa kanka a matsayin manajan banki. Ga gwamnati na neman rance, ba ta guduwa, ba ta rashin lafiya, ba a bin ta gida. Ga mai walda a Daura. Wa za ka ba? Duk nairar da gwamnati ta kwasa a kasuwar rance, an rage ta ne daga rabon mai masana'anta da mai shago. Ta nan bashi ke taɓa aikin yi, ko da ba ya fitowa sarai a alƙaluman marasa aiki, musamman tun da a 2023 aka koma lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki.

An ce a zamanin Baba Buhari bashin ya ninka sau da yawa. Gaskiya ne, ko sharrin 'yan adawa?

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Namu ne, a nan garin aka binne shi a watan Yulin 2025, kuma ina ganin mutunta shi ne a faɗi gaskiya yadda take. A Yunin 2015 bashin naira tiriliyan 12.12 ne. A ƙarshen 2022 ya kai tiriliyan 46.25, ban da tiriliyan 22.7 na Babban Banki da ba a riga an shigar a littafi ba.

Ya hau mulki gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. Tattalin arziki ya karye a 2016, ya sake karyewa a 2020 lokacin korona, har aka karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga IMF, wanda aka gama biyan uwar kuɗinsa a 2025. A 2022 satar ɗanyen mai ta sa abin da ake haƙowa ya taɓa sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Duk wanda ke kan kujerar a lokacin sai ya ci bashi. Bashin da aka yi hanyoyi da gadoji da layin dogo da shi, ina iya kare shi a gaban kowa. Wanda ba zan iya karewa ba shi ne rancen Babban Banki da ya ƙetare doka, da kuma tallafin mai da ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, alhali muna gani da idonmu ana tsallakawa da man a jarkoki ta kan iyaka.

Ba an taɓa yafe mana bashi ba?

An yi. A 2005, zamanin Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris ta yafe dala biliyan 18 daga cikin kusan biliyan 30 da take bin mu, muka biya sama da biliyan 12, aka rufe littafin a 2006. Da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya hau, ya sa hannu a 2007 kan dokar da ta ce giɓin kasafin kuɗi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na GDP, kuma kada a ci bashi sai don manyan ayyuka da gina ɗan Adam. A 2008 asusun ajiyarmu na kuɗin waje ya haura dala biliyan 60. Dokar tana nan ba a soke ta ba, an dai sha tsallake ta. Kuma yafiya irin ta 2005 da wuya ta maimaitu, domin bashin yau mai yawa na 'yan kasuwa ne da bankunan gida, ba na gwamnatocin da za a zauna da su a roƙa ba.

Da gaske Chaina za ta ƙwace ƙasar in mun kasa biya?

A'a. Abin da Chaina ke bin mu kusan kashi ɗaya cikin goma ne na bashin waje, akasari na ayyuka irin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Sharaɗin yarjejeniyar rancen Chaina da ya tayar da ƙura a Majalisar Wakilai a 2020, har aka ce an jinginar da 'yancin ƙasa, yana nufin ƙasa ta yarda a kai ta gaban masu sulhu in ta saɓa alkawari, kuma irinsa ya zama ruwan dare a yarjejeniyoyin rance.

Layin dogon da zai taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi ma ba kamfanin Chaina aka ba ba. Mota-Engil ne na ƙasar Fotugal, tsawon kilomita 284, a kan kusan dala biliyan 2, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. A ganina wannan layi zai biya kansa ne idan ya ɗauki kaya, hatsi da dabbobi da siminti da kwantenonin Nijar. Kuɗin tikitin fasinja da naira ba zai biya bashin dala ba.

Jihar Katsina fa, ita ma ana bin ta?

Ana bin ta, kamar kowace jiha. Jiha ba ta da ikon ciwo bashin waje da kanta, sai gwamnatin tarayya ta tsaya mata. Kuma ba a jiran ta kawo biya: tun a Abuja ake cirewa daga kasonta na wata-wata kafin ya iso. Jiha irin tamu, da ƙananan hukumomi 34 da harajin cikin gida kaɗan, da wannan kaso ta dogara. In naira ta faɗi, abin da ake yankewa don bashin dala sai ya kumbura, ko da yake kason ma ya ƙaru a naira tun bayan cire tallafi.

Malam, duk wannan ba riba ba ce? Kuma mu mata masu 'yan kuɗin adashe, akwai hanyar halal da za mu shiga?

Uwargida ce ta yi wannan tambayar, tana tankaɗe tana saurarenmu ta taga. Hukuncin ruwa sai a koma ga malamai, su ne masu fatawa. Abin da zan iya faɗi shi ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta shi, a sa wa'adi, a kafa shaidu. Wannan ya isa hujja ga ɗan ƙasa ya nemi a nuna masa takardar kowane bashi da aka ci da sunansa, da aikin da aka yi da shi.

Hanyar da ba ta da ruwa ita ce sukuk. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a Satumbar 2017, naira biliyan 100, aka raba wa manyan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, ciki har da tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina. Tsarinsa haya ne: masu zuba kuɗi su mallaki rabo a aikin, gwamnati ta riƙa biyansu kuɗin haya duk wata shida, wa'adi ya cika ta saye rabonsu. Abin da ya fi burge ni da shi, kuɗin a ɗaure yake da aikin da aka ambata, har allo ake kafawa a bakin hanyar. Akwai kuma takardar tanadi ta ƙananan masu ajiya da aka fara a 2017, ana shiga da naira 5,000, sai dai ita ruwa take bayarwa.

Wadda ke son sukuk, sai ta saurari sanarwar DMO, domin ba kullum ake buɗewa ba, kuma kwanaki kaɗan ake bayarwa. Ana cike takarda ta bankuna ko dillalan hannun jari masu lasisi, da lambar BVN da asusun da za a riƙa turo kuɗin hayar. Kafin ki sa hannu, Hajiya, ki gwada kason da aka yi alkawari da hauhawar farashin shekarar. In haya kashi 19 ce, farashi kuma na tashi da kashi 25, kuɗinki zai ƙaru a takarda amma tiyoyin da zai saya za su ragu, sai ki auna shi da ribar tunkiyar da kike kiwo a bayan ɗaki.